Fatsa da jagora a ruwan gaɓar teku: kuɗin me mutum yake biya?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya. Ya ce aiki zai kai shi wani gari na bakin teku, kuma ya ga ana tallar fita kamun kifi da jagora a ƙaramin jirgi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ba tsakiyar teku ake nufa ba, gefe-gefe ake bi, a ruwan da wani wurin ko gwiwa bai kai ba. Yana so ya sani: wane kifin kirki ne zai zauna a irin wannan ruwa, kuma me zai sa mutum ya biya wani ya kai shi wurin da yana hango tudu da idonsa?

Malam, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, amma bari in fara sallamar ta farkon.

Kifin kirki yana nan, har ma ya fi yadda kake zato. Abincin teku a gefe yake taruwa: a filayen ciyawar ƙarƙashin ruwa, a saiwoyin itatuwan mangurof masu tsirowa cikin ruwan gishiri, a tudun kawa, da bakin ƙoramu inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Nan jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifaye ke hayayyafa, kuma duk inda suke manya na biye da su. A gaɓar kudancin Amurka, daga Tekzas zuwa Luwiziyana zuwa Fulorida, abin nema shi ne redfish, kifi mai launin jar tagulla da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, sai sunuk mai baƙin layi a gefen jiki. A tsibiran Bahamas da Beliz da Seshel ana bin bonfish, wanda girmansa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma idan ya ji ƙugiya sai ya zare maka zare mai tsawon gaske kafin ka ankara. A arewacin Ostireliya baramundi ne. Sarkinsu duka shi ne tafon, fari fat kamar azurfa, wanda yakan fi mutum nauyi. Wanda ke riƙe da kambun duniya, mai kilo kusan 130, a tsibiran Gini Bisau aka kama shi a shekarar 2003. Irin wannan kifi yakan ratsa ta ruwan da bai wuce ƙirjin mutum ba, kana ganin bayansa ƙarara.

To, ga inda kuɗinka ke tafiya. Jirgi da mai da kayan fatsa suna ciki, amma ba su ne jigon abin ba. Abin da kake saya shi ne sanin da mutumin ya yi wa motsin ruwan wurin.

Ruwan gaɓa ba ya zama wuri ɗaya. Jan da wata da rana ke yi wa teku yana sa shi ya ciko ya janye, a yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Wannan minti 50 ɗin kada ka raina shi. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura minti goma, kuma bayan mako guda, a daidai wannan ƙarfe 7 ɗin, ruwa a janye za ka same shi. Filin da jirgi ya bi ta kansa ranar Asabar ɗin nan, Asabar mai zuwa tsuntsaye ne za ka gani suna tafiya a kai da ƙafa. Sannan girman cikowar ma ba ɗaya ba ne kullum. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wata da rana suna ja ta layi guda, sai ruwa ya hau sosai ya kuma sauka sosai. A tsakaninsu, lokacin da wata yake rabi, motsin ya fi rauni.

Kifi da wannan motsi yake rayuwa. Idan ruwa ya fara cikowa, sai ya bi shi ya hau filayen da ɗazu babu ruwa, yana tonon ƙaguwa da jatan lande. Idan ya fara janyewa, ƙananan halittun nan dole su fito daga cikin ciyayi da saiwoyi su biyo ƙananan magudanai, sai manyan su tsaya a bakin magudanar suna jiran abin da ruwa zai kawo musu har baki. Lokacin da ruwa ya tsaya cak, a ƙarshen cikowa ko ƙarshen janyewa, sau da yawa cin ma yakan tsaya. Ƙarfin gudun ruwa a tsakiyar awa shidan da yake ɗauka yana cikowa ko janyewa yake, wato awa ta uku da ta huɗu. Duk wannan ana samunsa a jadawali, kai ma za ka iya dubawa a wayarka. Abin da jadawali ba zai gaya maka ba shi ne cewa wancan lungun yana cika ne minti arba'in bayan bakin mashiga, ko cewa magudanar da ke bayan wancan tudun kawa rabin awa kawai take ba da kifi a rana, ko cewa in ka wuce lokaci a can ciki jirgi zai zauna a taɓo sai ruwa ya dawo. Wannan sai wanda ya shekara da shekaru yana kai da kawo a wurin.

Akwai kuma wuraren da iska ta fi wata iko. A fadamun gishiri na Luwiziyana da gaɓar Tekzas hawa da saukar ruwa kaɗan ne, wasu ranakun ma sau ɗaya yake yi a yini. Amma idan iskar arewa ta taso da sanyi ta kwana tana kaɗawa, sai ta kore ruwan daga fadama, kifi ya tattaru a ramuka masu ɗan zurfi. Wanda ya san ramukan ranar nan ya ci kasuwa. Baƙo kuwa zai ga taɓo ne kawai ya ce babu komai.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda na fi damuwa da ita: kada ka yanke wa jagora lokaci. Mutane da yawa sukan kira su ce ranar kaza, ƙarfe 10, don lokacin ne suka gama karin kumallo. Gaya masa kwanakin da kake da su, ka bar shi ya zaɓi rana da awa. In ya ce ku haɗu kafin ketowar alfijir, ko ya ce sai bayan la'asar, ruwa ya duba. Jagoran da duk lokacin da ka faɗa sai ya ce ba matsala, ba tare da ya yi maganar ruwa ko iska ba, ni hankalina ba ya kwanciya da shi.

Salon fitar iri biyu ne, kuma gara ka san wanda kake so tun kafin ka biya. Na farko, a kai jirgi wuri mai kyau a tsayar, a maƙala jatan lande mai rai ko ƙaramin kifi a ƙugiya, a jefa a jira. Jagora yakan fara da jefa birgi da sassafe ya kamo ƙananan kifayen da za a yi amfani da su. Wannan salon ya fi sauƙi, ya fi ba da kifi da yawa, kuma shi ya dace da wanda bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, ko mai tafiya da yara. Jirgin yakan ɗauki mutum uku zuwa huɗu a sake.

Na biyun shi ne wanda ya sa mutane ke ƙetare ƙasashe dominsa, kuma ya fi kusa da farauta. Ba a jefa ƙugiya sai an ga kifi. Jirgin ɗan siriri ne, tsawonsa mita biyar zuwa shida, marar nauyi, yana iya shawagi a ruwan da zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. A bayansa, saman inji, akwai wani dandamali. Idan an iso fili sai jagora ya kashe inji ya ɗaga shi, ya hau dandamalin da doguwar sanda mai kusan mita shida, yana tokarar ƙasa yana tura jirgin a hankali. Kai kana tsaye a goshin jirgi. Daga can sama yana ganin abin da ba ka gani. Za ka ji ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ƙarfe goma sha ɗaya, mita goma sha biyar, yana tafiya dama.” Goshin jirgi shi ne ƙarfe goma sha biyu, hagunka tara, damanka uku. Ka nuna wurin da bakin sandarka, shi zai ce maka ƙara hagu, tsaya nan. Da farko ba za ka ga komai ba sai ciyawa da ƙyalli. Can sai ka ga wani abu ɗan ja-ja ya ɓullo saman ruwa yana kaɗawa a hankali, ya nutse, ya sake ɓullowa. Wutsiyar redfish ce, ya kafa kai a taɓo yana tono, ruwan bai isa ya rufe shi duka ba. A wannan lokacin hannun gwani ma yakan yi rawa.

Abin da ya sa wannan salon ke da wuya shi ne kifin da ke ruwa marar zurfi a tsorace yake. Ta sama shaho da sauran tsuntsaye na iya sure shi, ta gefe akwai kifin shak, ga shi babu zurfin da zai nutse ya ɓuya. Sauti kuma a cikin ruwa ya fi na iska gudu fiye da sau huɗu, sannan kifi yana da layin jijiyoyi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi. Murfin akwatin ƙanƙara da ka saki ya bugu, ko takun da ka yi da ƙarfi, ko jijjiga jirgi lokacin jifa, duk sun isa su watsa garken da jagora ya yi minti ashirin yana lallaɓawa ya kai ka kusa da shi. Magana a hankali ba ta cika yin ɓarna ba, bugun jikin jirgi ne mugun. Haka inuwar zare idan ta gifta ta kansa. Kuma ba a jefa masa a ka. Gabansa ake jefawa, da tazarar mita ɗaya ko biyu, a bar shi ya iso ya tarar, sannan a ɗan motsa abin kamar yana gudu daga gare shi. A duniyarsa jatan lande ba ya tunkarar kifi, don haka duk abin da ya nufo shi kai tsaye, gudu zai yi.

Nan ne nake roƙon masu zuwa su faɗa wa jagora gaskiya. In ba ka iya jifa ba, ka ce ba ka iya ba. Ba abin kunya ba ne, kuma zai shirya maka ranar da ta dace da kai. Wanda ya cika baki a waya, a jifan farko za a gane shi, kuma an riga an tsara fitar a kan abin da ya faɗa. In kana da mako biyu kafin tafiyar, ka samu sandar fatsa ka ajiye bokiti a fili, mita goma, sannan goma sha biyar, ka yi ta jifa, har da ranar da ake iska. Saurin jifa da daidaito sun fi nisa amfani, domin damar takan wuce cikin daƙiƙa biyar ko shida.

Abu guda da ba zan yarda ka fita babu shi ba shi ne tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda ake kira folarayiz. Baƙin gilashi na kwalliya ba zai yi ba. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ko launin tagulla ya fi nuna ƙasan ruwa marar zurfi, kuma yana kare ido daga ƙugiyar da ta dawo da gudu. Sai hula mai baki, riga mai dogon hannu marar kauri, takalmi mai tafin roba, da ruwan sha fiye da yadda kake jin za ka buƙata. Rana a kan ruwa ta sama take duka ta ƙasa take duka, kuma waɗannan jiragen ba su da rumfa. Mai duhun fata ma yana ƙonewa. Amai da jiri irin na tsakiyar teku ba su cika damun mutum a nan ba, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake tura sabon shiga gaɓa kafin zurfi.

In za a sauka a taka cikin ruwa, kamar yadda ake yi wajen bin bonfish, ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa. Akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke binne kansa a yashi. In ka ja ƙafa ka taɓa gefensa zai tashi ya tafi, in ka taka bayansa zai soke ka. Ɓawon kawa yana yanka sosai, kuma ruwan gishiri mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayar cutar bibriyo, wadda ke shiga ta rauni. Mai ciwon hanta ko ciwon suga ko raunin garkuwar jiki, in yana da buɗaɗɗen ciwo a ƙafa, ya zauna a jirgi. Yankan da ya kumbura ya yi ja yana zafi bayan an dawo, asibiti za a nufa a ranar, ba a jira gobe.

Batun takardu ya danganta da ƙasa, har ma da jiha. A Amurka duk mai ɗaukar fasinja da kuɗi a irin wannan jirgi sai da lasisin hukumar tsaron gaɓar teku, wanda mafi ƙanƙantarsa ya ba shi damar ɗaukar mutum shida. A Fulorida lasisin kamun kifi na jagora yana rufe waɗanda ya ɗauko, a Tekzas kuwa kowa sai ya sayi nasa. Bahamas ta kafa dokar lasisi ga masu fatsa a filayenta a 2017. Ka tambaye shi kai tsaye: kana da lasisi da inshora, ni me zan saya da kaina, me kuɗin ya ƙunsa? Rabin yini yawanci awa huɗu ne, cikakke awa takwas. In salon gani-ka-jefa kake so, rabin yini ya yi kaɗan, kafin idonka ya saba da ruwan lokaci ya ƙare. A Amurka an saba ƙara wa jagora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin, ka sa shi a lissafinka tun farko.

Sai abin da na san zai ba ka mamaki, kuma wasu har ransu yake ɓaci a kai: yawancin kifin da za ka kama, sakinsa za a yi. Beliz ta haramta ajiye bonfish da tafon da famit, wani kifin gaɓa mai wuyar kamuwa, tun 2009. Fulorida ta mai da bonfish da tafon na kamawa a saki a 2013, kuma tafon da ya wuce inci 40 ko fito da shi daga ruwa ba a yi. Redfish ana ci, amma da ma'auni: a Fulorida wanda ya kai inci 18 bai wuce 27 ba, a yankunan da aka yarda a ɗauka. Ƙarami a bar shi ya girma, babba a bar shi domin shi ne mai zuba ƙwai. Sunuk ma haka, da wani ƙarin dalili: dukkansu a maza suke fara rayuwa, sai sun girma wasu ke rikiɗa su zama mata, don haka duk wanda ya ɗauke manya, iyaye mata ya ɗauke.

Dokokin nan ba don ƙawa aka yi su ba, an ga abin da ya faru ne. A shekarun 1980 cin redfish ya zama yayi a gidajen abinci na Amurka, jiragen taru suka far wa garken manya a Tekun Meziko har sai da gwamnatin tarayya ta rufe kamunsa a ruwanta. A 1994 masu zaɓe a Fulorida suka amince da hana tarun da ke sarƙe kifi a ruwan jihar, dokar ta fara aiki a 1995. A watan Janairun 2010 wani sanyi da ya daɗe ya kashe sunuk masu ɗimbin yawa, domin ruwa marar zurfi da sauri yake yin sanyi, aka rufe kamunsa a gaɓar yammacin Fulorida har shekara uku. Ciyawar ma da komai ya dogara a kanta ba ta da ƙarfi. Inda ta mutu a gaɓar gabashin Fulorida saboda gurɓatar ruwa, ayu kimanin 1,100 ne suka mutu a jihar a 2021, da yawansu saboda yunwa. Farfelar inji idan ta yanki filin ciyawa, tabon yakan ɗauki shekaru bai rufe ba. Shi ya sa idan na ga jagora ya kashe inji tun daga nesa ya ɗauki sanda, alhali da inji zai fi saurin isa, nakan san na samu mutumin kirki. Wanda ya keta fili a guje yana barin farin layi a bayansa, komai yawan kifin da ya ba ni, ba na komawa wurinsa.

Sakin ma da yadda ake yinsa. Jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa. Kada ka rataye babba ta baki, ka tallafi cikinsa. Kada yatsa ya shiga inda yake numfashi, na sunuk ma gefen murfin yana da kaifi, zai yanke ka. A shirya kyamara tun kifin yana cikin ruwa, a ɗaga shi a ɗauka a mayar. In ka riƙe numfashinka daga lokacin da aka fito da shi, da zarar ka ji kana bukatar shaƙa, shi ma ya kai. Ruwan zafi iskar numfashi kaɗan yake riƙewa, saboda haka a lokacin zafi kada ka ja fafatawar da tsawo don jin daɗi, kuma ka riƙe shi a ruwa kansa yana fuskantar inda ruwa ke tahowa har sai ya fizge da kansa. In kana son na ci, ka faɗa wa jagora tun a waya, zai kai ka inda irin waɗanda doka ta yarda suke. Amma babban barakuda na ruwan zafi kada ka ci, yakan tara gubar siguwatera wadda dahuwa ba ta kashewa.

Ko za ka kama kifi? Ba wanda zai yi maka wannan alkawari da gaskiya. Gajimare kaɗai ya isa ya hana ganin ƙasan ruwa, iska ta isa ta dama shi ya zama laka. A salon jefawa a jira, da wuya a dawo hannu rabbana. A salon gani-ka-jefa kuwa, ranar da ka samu dama goma ka kama biyu rana ce mai kyau, kuma masu bin famit sukan yi kwanaki ba su taɓa ko ɗaya ba. Hotunan da ke shafin jagora na ranakun da suka fi kyau ne a shekara. Abin da ya kamata ka duba a ranarka shi ne ko ya yi ta canja wuri yana bin ruwa, ko ya gyara maka jifa ba tare da tsawa ba, ko ya bayyana maka dalilin da ya sa kuke nan yanzu ba can ba. Ka yi ta tambayarsa, yawancinsu suna son a tambaye su.

Tun da ka ce aiki ne zai kai ka, ka sa fitar a farkon kwanakinka, ka bar rana ɗaya ko biyu a baya. Idan jagora ya kira da daddare ya ce iska za ta yi yawa gobe, a ɗaga, ka yarda, shi ne ma yake asarar kuɗin yini. In kuna kan ruwa hadari ya haɗo aka ji tsawa ya ce a naɗe, kada ka ce saura jifa ɗaya: a fili irin wannan ku ne abu mafi tsayi, ga sandunan kabon a hannunku. Ka tambaye shi tun kafin ka ba da kafin alƙalami, idan yanayi ne ya hana fita, za a mayar maka da kuɗinka ne ko za a sa wata rana, kuma ya rubuto maka amsar a saƙo.